Kafaɗar da ta saba gocewa: a yi tiyata ko a ci gaba da lallaɓawa?

A watan Nuwamban 2023, ana wasa tsakanin Real Madrid da Rayo Vallecano, ɗan wasan Real Madrid Jude Bellingham ya faɗi, kafaɗarsa ta hagu ta goce. Shekararsa 20 a lokacin. Ba a yi masa tiyata ba. An riƙa ɗaure masa kafaɗar da ɗamara a ƙarƙashin riga, ya ci gaba da taka leda a haka har ƙungiyarsa ta ɗauki kofin La Liga da na Zakarun Turai a 2024, ya kuma buga wa Ingila wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai. Sai a watan Yulin 2025 aka yi masa aiki a Landan, ya koma fili a watan Satumba.

Abin ya ɗaure wa masu kallon ƙwallo da dama kai. In mutum zai iya shafe wata 20 yana gwabzawa da manyan 'yan wasan duniya, me zai kai shi ɗakin tiyata? In kuwa aikin dole ne, don me aka ja lokaci haka? Wannan tambayar ce ke gaban ɗan acaɓar da ya taɓa faɗuwa a kan babur, da ɗan damben da hannunsa ke ficewa duk lokacin da ya kai wawan naushi, da leburan da ke jin kafaɗarsa na neman zamewa in zai ɗora buhu a ka. Su ba su da likitan ƙungiya mai duba su kullum, kuma kuɗin aikin daga aljihunsu zai fito.

## Tulu a kan gammo

Gaɓar kwatangwalo kamar taɓarya ce a cikin turmi, ramin yana da zurfi, ƙashi ya riƙe ƙashi. Kafaɗa ba haka Allah ya yi ta ba. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan fili ne marar zurfi, bai rufe fiye da sulusin kan ƙashin ba. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa ta ko'ina, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa a jiki yawan gocewa.

Abu uku ne ke riƙe da ita. Akwai wani zobe na guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, yana ƙara masa zurfi kamar yadda gammo ke riƙe gindin tulu. Akwai jakar tantani mai ƙarfi da jijiyoyinta, wadda ta lulluɓe gaɓar baki ɗaya. Sai kuma tsokoki huɗu da ke matse kan ƙashin cikin gurbinsa duk lokacin da hannu ya motsa.

A bakin mutane, targaɗe da gocewa da karaya sukan cakuɗe, amma a wurin likita kowanne daban. Targaɗe shi ne jijiya ta miƙe ko ta ɗan yage, ƙashi yana wurinsa. Gocewa ita ce kan ƙashin ya fita daga gurbinsa gaba ɗaya, sai an mayar. Tsakanin biyun akwai zamewa: ƙashin ya leƙa waje ya koma da kansa, mutum ya ji hannun ya mutu na ɗan lokaci. Yawancin masu ita ba sa ƙirga ta, alhali ita ma tana ɓarna. Fiye da tara cikin goma na gocewar kafaɗa ta gaba take yi, kuma tana faruwa ne in hannu ya ɗaga ya juya baya, kamar mai shirin jifa ko mai zura hannu a riga ta baya.

## Ɓarnar da ke taruwa

A gocewar farko, musamman ga matashi, gammon nan na guringuntsi yakan ɓalle daga bakin gurbin ta gaba, ya tafi da jijiyar da ke manne da shi. Wani likitan fiɗa na Ingila, Arthur Bankart, ya bayyana wannan rauni a 1923, har yau da sunansa ake kiransa. In an mayar da kafaɗar zafi yakan lafa cikin makonni, amma sau da yawa gammon ba ya komawa ya manne daidai inda ya baro. Ƙofa ta riga ta buɗe ke nan.

Rauni na biyu a jikin ƙashi yake. Lokacin da kan ƙashin damtse ya fita, bayansa yakan daki kaifin bakin gurbin, ya lotsa, kamar yadda tukunyar dalma ke lotsawa in ta faɗi a kan dutse. Wasu likitocin hoto biyu na Amurka, Harold Hill da Maurice Sachs, su suka yi bayaninsa a 1940. Shi ma bakin gurbin yakan ɓantare ko ya riƙa zaizayewa.

Nan ne zuciyar maganar. Kowace sabuwar gocewa tana iya ƙara zurfin lotsawar, ta ƙara cinye bakin gurbin. Shi ya sa wanda kafaɗarsa ta fara fita saboda haɗarin mota, bayan 'yan shekaru sai ka ji ta fita yana miƙa, ko yana barci ya sa hannu a ƙarƙashin kai. Masu wannan lalura sukan ce ai yanzu ba ta ma yi musu zafi sosai, da kansu suke mayarwa. Suna ɗaukar haka a matsayin sauƙi. Likitan ƙashi kuwa alamar da yake gani ita ce abin da ke riƙe gaɓar ya kusa ƙarewa. Guringuntsi da jijiya ana iya ɗinke su, amma ƙashin da ya zaizaye ba ya tsirowa, sai dai a ciro wani a lika.

## Shekaru ne ma'auni na farko

Ba kowace kafaɗar da ta goce ce za ta sake ba, kuma babu abin da ke nuna wadda za ta sake kamar shekarun mai ita. A birnin Edinbara na Sikotilan, likita Michael Robinson da abokan aikinsa sun bi sawun mutum 252 'yan shekara 15 zuwa 35 da aka yi wa magani ba tiyata. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna cewa cikin shekara biyu kimanin kashi 56 cikin 100 sun sake samun matsala, cikin shekara biyar adadin ya kai kusan kashi 67. Samari maza masu ƙarancin shekaru su suka fi kowa shiga haɗari.

Bincike mafi tsawo shi ne na Lennart Hovelius a Suwidin, wanda ya fara a ƙarshen shekarun 1970 da mutanen da ba su haura shekara 40 ba, ya bi su har shekara 25. Fiye da kashi 40 cikin 100 kafaɗarsu ba ta sake fita ba ko sau ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu sun kai ga tiyata. Akwai kuma wani rukuni da kafaɗar ta yi ta fita na wasu shekaru, daga baya ta zauna da kanta yayin da girma ya zo, jijiyoyi suka ƙara tauri, mutum ya rage wasannin ƙarfi. Binciken ya kuma gano cewa rataye hannu na makonni bayan gocewar farko bai sauya makomar kafaɗar ba.

Wanda ya haura 40 nasa lissafin daban ne. Da wuya tasa ta zama mai yawan fita, amma tsokokin nan huɗu sun fi saurin yagewa a wannan shekarun. Dattijon da aka mayar wa kafaɗa, mako biyu ko uku ya wuce bai iya ɗaga hannu ba, yana buƙatar a duba tsokar da kuma jijiyar saƙo da ta ratsa ta hammata, domin ita ma takan ji rauni. Alamarta ita ce fatar gefen kafaɗa ta daina jin taɓi.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa a jira suna da abin kafa hujja. Alkaluman Hovelius sun nuna cewa in aka yi wa kowa tiyata tun gocewar farko, za a yanka mutane da yawa da ba su buƙata. Tiyata tana da nata haɗarin: ƙwayoyin cuta su shiga rauni, kafaɗa ta sandare, a taɓa jijiyar saƙo, ga abin da ke tattare da maganin barci. Wasu sukan rasa wani ɓangare na juya hannu waje har abada, kuma ko an yi aikin kafaɗar tana iya sake fita. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai zaman shago, wanda tasa ta fita sau biyu cikin shekara goma kuma ba ta hana shi komai, yana da dalili mai ƙarfi na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da ake ba irinsa shi ne atisayen ƙarfafa tsokokin kafaɗa da na allon kafaɗa a sashen gashin ƙashi, da kauce wa yanayin da ke fitar da ita.

Masu cewa a yi da wuri sun dogara ne da gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A Kanada, Alexandra Kirkley ta gwada mutum 40 'yan ƙasa da shekara 30, ta fitar da sakamako a 1999: cikin shekara biyu kashi 47 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa aiki ba kafaɗarsu ta sake fita, a ɓangaren waɗanda aka yi wa kuwa kashi 16 ne. Wani ƙaramin gwaji a kan sojojin Amurka a 2002 ya samu kashi 75 da kashi 11. A Danmak an bi mutane shekara goma, aka samu kashi 62 da kashi 9. Mutanen da ke cikin kowane gwaji ba su da yawa, kuma galibinsu matasa ne masu motsa jiki, don haka ba a ɗora sakamakon a kan kowa. Amma dukkansu waje guda suka fuskanta.

A lura cewa duk wannan muhawara a kan gocewar farko ake yin ta. Da zarar kafaɗar matashi ta fita sau biyu, sau uku, saɓanin likitoci yakan ragu sosai. Atisaye yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya mayar da gammon da ya ɓalle. Wani nazari da Wayne Burkhead da Charles Rockwood suka wallafa a Amurka a 1992 ya nuna haka ƙarara: atisaye ya wadatar da kusan kashi 80 cikin 100 na kafaɗun da ke zamewa ba tare da wani rauni ya jawo ba, amma kashi 16 kacal ya wadatar a cikin waɗanda rauni ne asalin matsalarsu.

Batun amosanin gaɓa a nan gaba shi ma yana shiga lissafi. A binciken Suwidin, bayan shekara 25 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kafaɗun sun nuna zaizayewa matsakaiciya ko mai tsanani a hoto, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda tasu ta ci gaba da fita. Sai dai tiyata ba ta goge ɓarnar da gocewar farko ta riga ta yi wa guringuntsi, don haka likitan kirki ba zai yi alkawarin cewa aiki zai hana amosani ba.

## Aikin ba iri ɗaya ba ne

Neman maganin wannan lalura ya daɗe. Tun shekaru fiye da dubu biyu da suka wuce Hippocrates, likitan Girka da littattafan Larabci ke kira Abuƙrat, ya bayyana yadda ake ƙona hammata da jan ƙarfe domin tabon ya matse wurin da ƙashi ke fita, abin da ya yi kama da lalas. Manufar ba ta sauya ba, wato toshe ƙofar gaba. Hanyar ce ta sauya.

Aikin Bankart shi ne a mayar da gammon guringuntsi da jijiyarsa, a ɗinke su a bakin gurbin da wasu 'yan ƙananan ƙusoshi masu zare. Ana yin sa ta hanyar buɗe kafaɗa, ana kuma yi ta 'yan huduji biyu ko uku da ƙaramar kyamara. Na kyamara ya fi ƙaramin tabo, amma na buɗewa bai gaza shi wajen hana sake gocewa ba, wasu nazarce-nazarcen ma sun nuna ya fi shi ga matasa masu wasannin karo. Wannan yana da muhimmanci ga mutanenmu, domin wanda aka ce masa babu na'urar kyamara a asibitin da ya je kada ya ɗauka aikin da za a yi masa bai kai na kyamara inganci ba. Hannun da ya saba da aikin ya fi na'urar tasiri. In lotsawar bayan ƙashin damtse tana da girma, akan haɗa da cike ramin da jijiyar wata tsoka da ke kusa, don kada ya riƙa saƙalewa a bakin gurbin.

Aikin Latarjet kuwa, wanda likita Michel Latarjet na birnin Liyon a Faransa ya bayyana a 1954, na waɗanda ƙashinsu ya ci ne. Ana yanko wani ɗan ƙashi mai kama da bakin tsuntsu da ya tsiro a gaban allon kafaɗa, tare da jijiyar da ke jikinsa, a ɗaure shi da sukurori a inda gurbin ya zaizaye. Ƙashin ya faɗaɗa gurbin, jijiyar kuma ta zama kamar majanyi da ke tare kan ƙashin damtse in hannu ya ɗaga. Ya fi aikin Bankart hana sake gocewa, amma matsalolinsa sun fi yawa: ƙashin da aka lika yana iya ƙin haɗewa, sukuru yana iya damun gaɓar, kuma ana aiki ne daf da manyan jijiyoyin hannu. Gyara shi in ya lalace ma ya fi wuya.

Abin da ke raba wanda za a yi wa wane shi ne yawan ƙashin da ya tafi. A shekarar 2000, Stephen Burkhart na Amurka da Joe De Beer na Afirka ta Kudu sun duba aikin Bankart 194 da aka yi da kyamara. A kafaɗun da ƙashi bai ci sosai ba, kashi 4 cikin 100 ne suka sake fita. A waɗanda ƙashi ya ci kuwa kashi 67 ne. Tun daga nan likitoci suka ɗauki asarar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na faɗin gurbin a matsayin iyakar da ɗinki kaɗai ba zai riƙe ba, daga baya wasu suka nuna cewa ko ƙasa da haka sakamakon yakan fara raguwa. A cikin hotunan na'ura masu nuna cikin jiki dalla-dalla, wanda ake kira CT ne ke auna ƙashin da kyau, wanda ake kira MRI kuma ya nuna guringuntsi da tsoka.

Ga amsar tambayar da aka yi a kan Bellingham ke nan. Ana iya jira, kuma 'yan wasa da yawa sukan jira ƙarshen kaka, amma jiran yana da farashi. Wanda ya zo bayan gocewa biyu yana iya samun ƙaramin aiki. Wanda ya zo bayan ashirin ya fi kusa da babban aikin, mai tsada da haɗari. Ɗan wasan da likitoci ke sa wa ido kullum yana iya sanin lokacin da jiran ya isa. Wanda bai taɓa ɗaukar hoto ba kuwa jira yake a cikin duhu.

## Waɗanda wuƙa ba ta cika amfana ba

Akwai masu sakakkun gaɓɓai tun haihuwa, waɗanda ke iya lanƙwasa babban yatsa ya taɓa hannu, kafaɗarsu tana zamewa gaba da baya da ƙasa ba tare da sun taɓa faɗuwa ba. Su atisaye na watanni shida ko fiye ne matakin farko. Haka yaron da ke fitar da kafaɗarsa da gangan yana nuna wa abokai, aiki ba ya cika yi masa kyau.

Mai farfaɗiya lamarinsa na buƙatar kulawa ta musamman. Jijjiga tana iya fitar da kafaɗa, har ta baya, irin gocewar da kan ɓoye a hoto in ba a duba da kyau ba. In aka yi aiki ba a shawo kan farfaɗiyar da magani ba, tashi ɗaya ya isa ya wargaza ɗinkin. Mai shan sigari ƙashinsa ya fi jinkirin haɗewa. Mai ciwon suga sai an daidaita sugan, mai sikila kuma sai an yi masa shiri na daban kafin maganin barci.

## Gidan mai ɗori, asibiti da aljihu

A garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa, wanda kafaɗarsa ta fita galibi gidan mai ɗori ake fara kai shi, saboda yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, kuma an san gidan tun kaka da kakanni. Da yawansu suna iya mayar da kafaɗa. Matsalar tana cikin abin da hannu ba ya iya gani. Wani lokaci gocewa tana zuwa tare da karaya a kan ƙashin damtse, jan ta da ƙarfi sai ya ƙara ɓarna. Wani lokaci kuma kafaɗar ba ta koma ba, aka ɗaure ta a haka, kumburi ya ɓoye gaskiya. In ta wuce kimanin mako uku a waje, mayar da ita da hannu yakan gagara, sai an buɗe, kuma sakamakon ba ya kai na wanda ya zo da wuri. Ko wa ya mayar da kafaɗar, hoton ƙashi bayan nan shi ne mafi arhar abin da zai tabbatar ta zauna.

Aikin kansa sai manyan asibitoci. A Najeriya akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, da na Igbobi a Legas, da na Inugu, sai asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu. Ba kowane likitan ƙashi ne ya ƙware a kafaɗa ba, don haka ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi likita sau nawa yake yin irin wannan aikin, wane iri zai yi masa, don me ya zaɓi shi, kuma ƙashi nawa hoton ya nuna ya tafi. Ƙusoshin ɗinki da sukurori daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa 'yan Najeriya shiga tsarin, amma har yanzu yawancin mutane daga aljihu suke biya, wanda ke da inshorar ma yana da kyau ya bincika tun da wuri ko ta ƙunshi hoton MRI da kayan da za a sa masa.

## Watannin da ke bayan aiki

Kuɗin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne na zaman gida. Bayan aiki hannu yana rataye mako huɗu zuwa shida. A wannan lokacin ba tuƙin babur, ba ɗaukar kaya, sanya riga da wanka sai da taimako, sujada ma sai mutum ya rage dogara a kan hannun. Daga nan a shiga gashin ƙashi, a fara dawo da motsi, sannan ƙarfi. Mai aikin ofis yana iya komawa cikin 'yan makonni. Mai aikin ƙarfi yakan buƙaci wata uku zuwa huɗu, ɗan dambe da ɗan kokawa kuwa kusan wata shida. Saurin da Bellingham ya yi na komawa fili cikin kimanin wata biyu ba ma'auni ba ne ga kowa, domin da ƙafa yake sana'arsa, kuma yana da masu kula da shi safe da yamma.

Wanda ya san ba zai samu zuwa gashin ƙashi ba, ko talauci zai tilasta masa hawa babur a mako na uku, gara ya faɗa wa likita gaskiya tun kafin a sa rana. Ɗinkin da bai kama ba in ya tsinke, an yi asarar kuɗin, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Tunda wannan ba tiyatar gaggawa ba ce, mai ita yana da damar zaɓar lokaci, ya tanadi abin da iyali za su ci da wanda zai riƙe masa sana'a. Ɗan kokawa yakan duba lokacin da gasa ta ƙare. Manomin da aka yi wa aiki a Nuwamba ko Disamba, bayan an kai amfanin gona gida, wata shidansa za su cika daidai lokacin da ruwan shuka ke sauka a Mayu ko Yuni.